GYARAN GIDA A KARKARA: KOWANE LOKACI DA AIKINSA

A cikin gidan mutumin karkara ne dukan abin da ya mallaka yake. Nan iyalinsa ke kwana, nan rumbunsa yake, nan turken dabbobinsa, sau da yawa kuma nan rijiyar da ake sha take. Saboda haka idan gida ya lalace hasarar ba ta tsayawa a kan bango, takan shafi abinci da lafiya, wani lokaci ma har da rai. Kowace damina akan ji labarin ɗakin da ya rufta wa masu barci, ko rumbun da ya sha ruwa hatsin shekara ya ruɓe. Mafi yawan irin wannan hasara takan soma ne daga ƙaramin abu da aka gani aka ƙyale: tsaga a jikin katanga, ko indararo da ya toshe, ko ruwa da ke kwanciya a gindin ɗaki. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa magidanta cewa gyaran gida aiki ne na kowace shekara kamar noma, yana da lokacinsa, yana da tsarinsa. Kusan dukan aikin kuwa ya taru ne a kan abu ɗaya, watau a nuna wa ruwa hanyar da zai bi: ya sauka daga rufi, ya nisanci gindin bango, kada ya kai ga hatsi, kada kuma na masai ya haɗu da na rijiya.

GININ ƘASA YANA DAƊEWA IDAN AN KULA DA SHI

Akwai masu ganin ginin ƙasa alamar talauci ne, wai ba ya ƙarko. Tarihi bai goyi bayansu ba. Gidan Rumfa, wanda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a zamanin mulkinsa daga 1463 zuwa 1499, har yau shi ne fadar Kano. Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a farkon rabin ƙarni na 19, bakan-gizonsa na ƙasa da azara sun yi shekaru masu yawa a tsaye. A Agadas ta Jamhuriyar Nijar akwai hasumiyar masallaci ta ƙasa mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa a 1515 aka sabunta a 1844. Abin da ya raya waɗannan gine-gine shi ne yaɓe da gyara a kai a kai, tsara bayan tsara.

Ga ƙaramin lissafi domin a gane girman abin da gida ke fama da shi. Idan aka yi ruwan sama na milimita 1, kowace murabba'in mita ta rufi tana karɓar lita 1. Ɗaki mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4 yana da rufi murabba'in mita 20. A ƙasar da ake samun ruwa milimita 800 a shekara, wannan ɗaki ɗaya zai karɓi lita 16,000, watau cikin duro 80 masu cin lita 200. Wannan ruwa duka sai ya sauka a wani wuri. In an yi masa hanya ya wuce lambu ko ya shiga randa. In ba a yi ba, ya nemi tasa hanyar ta cikin bango.

Lokutan da za a ambata a nan na arewacin ƙasa ne, inda damina ke kamawa a Mayu ko Yuni ta ɗauke a Satumba ko Oktoba. Masu zama a tsakiyar ƙasa da kudu, inda ruwa ke sauka tun Maris ko Afrilu, raninsu gajere ne, sai su gaggauta aikin, su kuma ƙara tsawon bakin rufi domin ya kāre bango.

DA KAKA: A DUBA GIDA, A GYARA RUMBU

Da zarar ruwa ya ɗauke, maigida ya zagaya gidansa ciki da waje tare da uwargida, domin mata sun fi kowa sanin inda ɗaki ke yoyo. A wannan lokaci sawun ruwa bai ɓace ba tukuna. Duk inda aka ga tsaga, ko danshi, ko hanyar gara, a sa masa alama da gawayi. Sa'an nan a jera ayyukan, a fara da wanda zai iya halaka rai, a bi da wanda zai ɓata abinci, a bar na ado daga ƙarshe. Kaka ce lokacin da kuɗi ke hannun manomi, saboda haka a ware na gyara tun kafin bukukuwa su cinye su. A kuma yanki shuci da gamba da wuri, a ɗaure a ajiye a kan ragaya ko rumfa kafin wutar daji ta riga mutum.

Rumbu ne aikin farko. Kada a zuba sabon hatsi a kan tsoho. A kwashe abin da ya rage, a share ciki sarai, a ƙone sharar, domin a cikinta ƙwan ƙwari ke kwana. A liƙe kowace tsaga da sabon yaɓe, a tabbata rumbun yana zaune a kan duwatsu yadda iska za ta riƙa ratsa ƙarƙashinsa, a kuma nome ciyawar da ke kewaye da shi.

Kada a adana hatsi sai ya bushe ƙayau. Masara da gyaɗa da aka tara da danshi sukan yi fumfuna, wata irin fumfunar kuwa tana haifar da guba mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta. Akwai hanya mai sauƙi ta gwaji. A sami kwalba busasshiya, a zuba ƙwayar hatsi da cokali biyu ko uku na busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a bar ta ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi shanya.

Game da wake, buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, wanda aka soma yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba, muddin an ɗaure kowace leda daban kuma ba ta huje ba. Zuba maganin feshi a cikin abinci haɗari ne ga iyali, hasara ce kuma ga ƙasa: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Ƙwayar maganin nan da ake sa wa a buhu mai fitar da iska mai guba, kada a taɓa ajiye ta a ɗakin da mutane ke kwana, ko ɗakin da ke manne da shi.

A yaƙi ɓera. Shi ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Barno a 1969, cutar kuwa ta fi tashi da rani. A toshe ramuka, a rufe abinci a cikin mazubi mai murfi, a daina shanya garin rogo ko hatsi a ƙasa a bakin hanya.

DA HUNTURU: TUBALI, GINI DA YAƁE

Daga Disamba zuwa Fabrairu aikin gona ya yi sauƙi, kududdufi bai ƙafe ba, iska kuma tana busar da tubali. Wannan ne lokacin gini. A haƙo ƙasa nesa da gida, domin ramin da aka haƙa kusa da katanga shi zai tara ruwan da zai kayar da ita. A jiƙa ƙasar, a haɗa ta da ramno ko wata ciyawa da aka daddatsa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa kafin a sake cuɗawa. Magina sun san ƙasar da ba ta ruɓa ba ita ke tsagewa. A ɗora gini sahu sahu, kowane sahu ya sha iska kafin a hau da na gaba.

Gindin bango ne inda ciwo ya fi kamawa. Tsalle da ruwan sama ke yi idan ya bugi ƙasa, da danshin da ke hawa daga ƙasa, da fitsarin mutane da na dabbobi, su ne ke cin gindin katanga har ta zama siririya a ƙasa mai kauri a sama. Irin wannan katanga ita ke faɗuwa ba sallama. Maganinta a kankare ruɓaɓɓen wurin, a yayyafa ruwa, a cike da sabuwar ƙasa kaɗan kaɗan, sa'an nan a yi mata dakali mai gangara zuwa waje. A ɗauke turke daga jikin bango. Mai sabon gini kuwa ya kafa harsashinsa da dutse, ya ɗaga daɓen ɗaki aƙalla ƙafa ɗaya sama da tsakar gida.

Kakanninmu suna da nasu magungunan ruwa. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa a haɗa da ƙasar yaɓe. Akwai laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima na majema da dafara, ana shafe rufin soro da shi. Inda ake samun waɗannan har yanzu, a riƙe su.

A yi hattara da shafa siminti kai tsaye a kan bangon ƙasa. Siminti ba ya kama ƙasa sosai, kuma ba ya barin danshi ya fita. Da ya yi 'yar tsaga ruwa ya shiga bayansa, sai bangon ya riƙa narkewa a ɓoye alhali fuskarsa tana kyau. Duk inda aka ƙwanƙwasa shafen siminti aka ji yana amsawa kamar ganga, ya rabu da bango, a ɓamɓare shi a gyara. Wanda ke son gini mai ƙarfi da ƙasar garinsu, ya nemi bulon jar ƙasa da ake haɗawa da ɗan siminti a matse da inji. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1978, ta yi aiki mai yawa a kan irin wannan bulo da injin buga shi.

Hunturu kuma lokacin gobara ne. A share fili kewaye da gida da rumbuna, a nisanta tarin kara da harawa daga madafi, a kashe wutar jin ɗumi kafin a kwanta, kada kuma a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki.

DA BAZARA: RUFI, RIJIYA DA MASAI

Kafin hadarin farko ya haɗu, lalle ne a gama da rufi. Mai soro ya hau ya share, ya liƙe tsaga, ya tabbata rufin yana gangara zuwa indararo, indararon kuma ya fito sosai yadda ruwa ba zai bi jikin bango ba. A jera duwatsu a inda ruwan ke zuba. Kada a riƙa ƙara ƙasa a kan soro kowace shekara ba tare da rage tsohuwa ba, domin nauyi yana karya azara. A shiga ɗaki a duba azarar ɗaya ɗaya. Wadda ta lanƙwasa, ko wadda gara ta ci bakinta a inda ta shiga bango, a tokare ta nan take, a sauya ta kafin ruwa.

Mai jinka ya sauya shucin da ya ruɓe, ya ƙara ɗaurin tanka. Mai rufin kwano ya tuna guguwar farkon damina ita ke yaye rufi. A ɗaure katakon rufi da waya mai kauri ko baƙin ƙarfe a cikin bango, a buga ƙusa a kan tudun kwano, ba a cikin kwarinsa inda ruwa ke bi ba, a kuma bar bakin rufi ya zarce bango da kamar ƙafa biyu. In da hali a sa masa mazurari zuwa duro ko tanki mai murfi.

Da bazara ruwan rijiya ke yin ƙasa, saboda haka lokacin yasa ke nan. Kafin mutum ya shiga, a zura fitila mai wuta da igiya. In ta mutu, iskar ciki ba ta da kyau, kada kowa ya sauka. Mai shiga ya ɗaura igiya a ƙugu, mutum biyu su tsaya a sama. Kada a tayar da injin fetur a cikin rijiya ko a bakinta alhali da mutum a ciki, hayaƙinsa yana kisa. Bayan yasa a gina wa rijiya baki mai tsawon da zai kai ƙugun babban mutum, a yi mata murfi da daɓen siminti mai gangara, a ja magudana zuwa nesa, a rataye guga ɗaya da kowa zai riƙa amfani da shi.

Gyaran ruwan sha yana da sakamako da ƙasar nan ta gani da idonta. A binciken 1988 zuwa 1989 an ƙidaya masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Da tace ruwa da kāre tafkuna da haƙa rijiyoyin burtsatse, an ga mai cutar na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar an rabu da ita a 2013. Amma cutar amai da gudawa tana nan: a 2021 an sami rahoton fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu. Hanyarta ita ce bayan gida ya sadu da ruwan sha ko abinci.

Don haka kowane gida ya mallaki masai, a haƙa shi aƙalla mita 30 daga rijiya, watau kamar taku 40 na babban mutum, a kuma gangaren da ke ƙasa da ita. Gindin ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa da damina. A ƙarfafa bakinsa, a yi masa murfi, a ajiye buta da sabulu ko toka a ƙofa. Masai mai bututun iska, wanda aka rufe bakin bututun da ragar waya, yana rage wari da ƙuda ƙwarai. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da gangamin hana bayan gida a fili a 2019, a 2022 kuma aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta cim ma wannan buri. Abin da ƙauyukan Jigawa suka iya, kowane ƙauye zai iya.

DA DAMINA: SA IDO DA SHUKA ITACE

Damina lokacin tsaro ne. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi a zagaya gida. A buɗe rariya da kwata, a cike duk inda ruwa ya kwanta, a kife fasassun tukwane da gwangwani da tsofaffin tayoyi, domin sauro na iya girma daga ƙwai cikin kwana goma ko ƙasa da haka. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarun nan sun nuna kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. A kwana cikin gidan sauro.

Ga alamun da ke nuna ɗaki na shirin faɗuwa: tsaga da ke ƙara buɗewa, bango da ya kumbura ko ya karkata, danshi da ya hau har gwiwa, ƙasa da ke zubowa daga rufi, ƙofa da ta soma ƙin rufuwa, ko ƙarar azara da dare. Wanda ya ga ɗaya daga ciki ya fitar da iyalinsa a ranar, musamman a watan Agusta lokacin da ruwa ya fi yawa a arewa. Kwana a zauren maƙwabci ba abin kunya ba ne.

Masu zama a bakin kogi da fadama su saurari rediyo. Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar kula da ruwan koguna kuma tana bayyana yankunan da ke fuskantar ambaliya. A ambaliyar 2012 mutum 363 suka rasu, fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu. A ta 2022 fiye da mutum 600 suka rasu. Gyara ba ya tare kogi. Wanda gidansa ke kan hanyar ruwa, idan hukuma ta ce a tashi, ya tashi, ya kuma nemi tudu in zai sake gini.

Da ruwa ya zauna a shuka itace. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogonyaro ko maina, tana ba da inuwa tana kuma karya ƙarfin iska, amma a nisanta ta daga bango da rijiya da kamar taku goma saboda saiwarta. Zogale da gwanda da lemo sun dace da inda ruwan wanka da wanke-wanke ke gangarawa. A kewaye kowane dashe da ƙaya saboda awaki. A kuma haƙa ramin taki a bayan gida, nesa da rijiya, a riƙa zuba kashin dabbobi da toka da shara mai ruɓewa, ban da leda da batir. Juji ya ragu, gona ta samu.

CI GABA: SHEKARA ƊAYA, AIKI ƊAYA

Bayan gyaran da aka saba, ya kamata kowane gida ya ɗauki sabon aiki guda ɗaya a shekara, ya gama shi sarai. Tsarin da ya fi amfani shi ne: masai da bakin rijiya tukuna, sa'an nan rumbu ko ɗakin ajiya da ɓera ba ya shiga, sai madafi mai taga da murhu mai rage cin itace, domin hayaƙi yana cutar da ƙirji da idanun mata da yaran da ke goye, sai raba wurin dabbobi da kaji daga inda mutane ke kwana, sai ƙarin tagogi da daɓe, daga nan rufin kwano da fitila mai aiki da hasken rana. Mai bin wannan tsari, cikin shekara biyar ko shida gidansa zai sake kama ba tare da ya ci bashi ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Magudanar da maigida ya gyara ba ta da amfani in ta maƙwabcinsa a toshe take. A raya al'adar gayya, a yi adashi domin sayen siminti da kwano, masu unguwanni da dagatai su sa ranar gyaran kwatoci kafin damina. A nemi shawarar malamin gona a kan ajiyar hatsi, da duba-gari na ƙaramar hukuma a kan wurin haƙa masai, da tsofaffin magina a kan ƙasa da azara. A kuma sa yara a cikin aikin, domin su gāji sanin.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

Ana roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, a zaure ko ajin yaƙi da jahilci, sa'an nan a amsa waɗannan tare:

1. Ina ruwan rufin gidanka yake zuba, ina kuma yake tafiya daga nan?
2. Taku nawa ne tsakanin rijiyarku da masai mafi kusa, naku ko na maƙwabta?
3. Ta yaya za a gane hatsi ya bushe ya isa ajiya?
4. Waɗanne alamu ne ke sa a fitar da iyali daga ɗaki ba tare da jinkiri ba?
5. Wane aiki ɗaya gidanku zai gama kafin damina mai zuwa, wa zai taimaka, nawa kuma zai ci?

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da iyalanmu, amin.